Akurki a Bakin Rariya

Iliyasu tela ne. Tun yana saurayi yake taka keke a bakin kasuwar Birnin Kudu, kuma in ban da almakashi babu wani ƙarfe da ya taɓa yi wa tafin hannunsa kanta. Saboda haka ranar da ya miƙe a tsakar gida ya ce shi da hannunsa zai gina akurki, matarsa Turai ko ɗagowa ba ta yi ba daga tankaɗen da take yi.

"Da wane hannun, Malam?" ta ce.

Abin da ya jawo zancen akurki kuwa kaza ce guda ɗaya tak, wake-wake, mai gajerun ƙafafu da baƙin hali. Turai ce ta zo da ita daga Kwandiko ta ƙasar Gwaram bayan rasuwar mahaifiyarta. Da aka zo rabon kayan ɗaki, 'yan'uwa suka yi ta zaɓen tasoshi da zannuwa, ita kuwa ta ce a bar mata kazar. Irin kajin Inna ne tun Turai tana yarinya, uwa ta bar 'ya, 'ya ta bar jika, har aka zo kan wannan. A cinyarta ta riƙo ta cikin babbar mota tun daga Gwaram.

Gidan da suke ciki na gado ne. Da mahaifinsu Iliyasu ya rasu sai aka ja katanga ta tsakiya. Iliyasu ya kafe shi sai ɓangaren tudu, inda zaure yake. Wansa Maikano, manomi, ya faɗa gangare shi da matarsa Jummai da rumbuna da jaki. Baba Haladu, ƙanen mahaifinsu da ya yi rabon, ya sa aka bar rariya a gindin katangar, wata kafa da ƙwarya za ta iya wucewa ta ciki, don ruwan tudu ba shi da mafita sai ta gangare. Tun daga ranar ruwan wanke-wanken Turai, da na alwalar Iliyasu, da na sama, duk ta tsakar gidan Maikano suke ratsawa kafin su fita waje. Tun daga ranar kuma Iliyasu bai ƙara ce masa Yaya ba, shi ma bai ƙara kama sunan Iliyasu ba. In magana ta zama dole, Maikano jakinsa yake gaya wa da ƙarfi. Iliyasu kuma ya ba Turai amsa, da ƙarfin da ya ɗara wancan.

Ita kaza ba ta san da rabon gado ba. Ta ga kafa, ta ga gero a gindin rumbu ta can, shi ke nan ta mai da rariya hanyar kasuwa. Rannan Jummai ta yi shanyar tsaba, kazar ta bi ta kai ta tona ta watsa. Can sai aka ji muryar Maikano ta ƙetaro katanga.

"Kai jaki, buɗe kunnenka ka zama shaida. Wallahi tallahi, na kuma ganin kazar nan a cikin gidana sai na yanka ta. Na sha ruwan dauɗarsu, ba zan kuma ciyar musu da dabba ba."

Turai ta ajiye muciya. "Malam, ka ji. Zaga ka ba shi haƙuri."

"Ni? In zaga?"

"To ka ji nawa. Ranar da kazar nan ta mutu ta dalilin rigimarku, ranar zan hau motar Gwaram. Ba yaji ba ne, kada ka wahalar da kowa da biko."

Da a ce Turai mai yawan irin wannan furucin ce da Iliyasu ya yi dariya. To amma tun aurensu bai taɓa jin ta ambaci tafiya ba, ko lokacin da ya sayar da tunkiyarta ya ce ɓata ta yi. Ya auna zagawa gidan Maikano, ya auna zama gwauro, ya ga duka biyun ba su yi masa ba. A tsakaninsu ne ya hango akurki.

Ya fara aikin yadda ya san ana fara aiki. Ya ɗauko tef ɗin awo ya ce Turai ta riƙe masa kazar. Ya auna tsawonta, ya auna ƙirji, ya auna daga ƙasa zuwa tsoron kanta, kazar na saran yatsunsa. Sannan ya ƙara taƙi biyu ta kowane gefe, irin sararin da ake bari a rigar yaro mai tasowa, saboda 'yan tsaki in Allah ya kawo. Magina suna nan birjik a unguwar, amma kowannensu da Maikano yake zama a dakali da yamma, kuma Iliyasu ya gwammace ya karye da a kai labarin ya nemi taimako.

Kafin a gama ginin aka ɗaure kazar da tsumma a jikin turmi. Nan ta wuni tana harararsa.

Ya yi jigilar jar ƙasa daga bakin kududdufi a bokiti. Ya naɗe wando ya shiga kwaɓa da ƙafafun da ba su san komai ba sai fedar keke. Kowane ɗan garin ya san ana zuba ciyawar ramno a ƙasar gini, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓe, a ɗora kan gini a jira ya sha iska kafin a ƙara wani. Shi ma Iliyasu ya sani. Sai dai sanin wanda ya saba gama riga tsakanin hantsi da azahar ne. Ya kwaɓa da safe, ya ɗora da rana, da la'asar bango huɗu sun kai masa gwiwa. Ya koma gefe yana kallo yana murza gemu. Yana cikin kallon ginin ya yi wata irin ajiyar zuciya, ya zauna a hankali kamar tuwon da ruwa ya yi wa yawa.

"Jaki," in ji murya daga bayan katanga, "ka ji wani abu ya faɗi? Ko tela ne ya fara ɗinka ƙasa zaren ya tsinke?"

"Turai!" Iliyasu ya ɗaga murya, alhali ga ta nan kusa da shi. "Wasu mutanen, da a ce kunnensu yana noma, da sun yi arziki!"

A karo na biyu ya yi dabara. Me zai sa mutum ya gina bango huɗu ga katanga a tsaye ba ta aikin komai? Sai ya jingina akurkin da ita, bango uku sun isa. Ya bi gindin katangar yana neman wuri, idonsa ya sauka a kan rariya. Shi kuwa tela, duk inda ya ga ɓula hannunsa ƙaiƙayi yake yi sai ya yi mata faci. Balle wannan ɓular da ita ce mafarin fitinar. Ya samo gindin wani fasasshen tulu ya cusa a ciki, ya bi da laka ya liƙe, ya shafe da bayan cokali har sai da wurin ya yi sumul.

"Ruwa fa, Malam?" in ji Turai.

"Wane ruwa ana tsakiyar rani? Na wanke-wanke ki riƙa watsawa a gindin zogale. Kafin damina zan yanka wata hanya ta gefen zaure."

"Baba Haladu ya ce kada a taɓa ta."

"Baba Haladu ya rasu."

Wannan karon ya zuba ramno, ya ɗan yi haƙuri, bangon ya tsaya, ko da yake ya karkata kamar mai sauraron gulma. A ciki ya yi wani ɗan dakali a kusurwa, ya ce aljihun ƙwai ne. Ya bar 'yar taga da ido ɗaya zai iya leƙawa. Ƙofa kuwa garwar kananzir ya buɗe ya daddake, ya kafa ta a katako, har da sakata. Da ya zo rufi sai ya tuna da muzuru, ya jera guntayen azara, ya shimfiɗa zana, ya yi ta labta laka a kai har rufin ya fi bangon kauri. Ya ce ko kura ce ta zo sai ta koma da yunwa.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne shirun Maikano. Tun da aka toshe rariya jaki bai kuma samun labari ba. Washegari da hantsi sai suka ji motsi ta can gindin katanga, ana zuba wani abu ana shafawa. Iliyasu ya kara kunne. Maikano ne yake liƙe nasa ɓangaren, kuma ba da laka ba, da siminti.

"Kin ji?" Iliyasu ya ce, fuska duk fara'a. "Ya sallama."

"Mutumin da ko buta bai taɓa miƙo maka ba yau yana taya ka aiki da simintinsa," in ji Turai, "kai kuma kana murna."

Kazar ta shiga akurki ba don tana so ba. Ta yi ƙwai a aljihun, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe. Iliyasu ya hana a riƙa sakinta, wai saboda shirwa. A kasuwa kuwa babu wanda ya kawo ɗinki bai ji tarihin ginin ba. Shekarar ce kuma aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, malaman makaranta da akawuna da 'yan sanda suka cika masa rumfa da shadda, kowa yana son babbar riga kafin ta maƙwabcinsa. Hanyar ruwa ta gefen zaure kullum gobe. Turai ta tuna masa har ta gaji ta bari.

Ruwan farko bai yi sallama ba. Iliyasu ya dawo cin abincin rana, yana tsakiyar loma gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe murfin kwano, sai ruwa kamar ana juye randa. Indararon zaure da na ɗaki suka haɗu suna zuba a tsakar gida. Ruwan ya gangara inda ya saba gangarawa tun zamanin kakanni, ya tarar an gina masa akurki a hanya. Sai ya tsaya nan ya fara taruwa.

Kafin Iliyasu ya sami takalminsa ruwa ya shanye sakatar. Ya kutsa ya laluba ya zare ta, ya ja ƙofar, ta ƙi. Bangon gaba ya jiƙa ya sauko ya danne katakon. Ya leƙa ta 'yar tagar. Kazar tana kan aljihun ƙwai, ta buɗe fukafukai a kan 'ya'yanta, ruwa yana lasar gefen dakalin.

Ya rarumo fartanya ya kai wa bangon sara ɗaya. Rufin nan mai hana kura ya yi ƙara ya sunkuyo.

"Tsaya!" Turai ta riƙe ƙotar. "Kana ƙara ɗaya zai rufta mata."

Suka tsaya cikin ruwa har ƙwauri suna kallon juna. Ta gaba babu hanya, ta sama babu. Hanya ɗaya ce ta rage, ta baya, kuma bayan akurkin a gidan Maikano yake.

Turai ta saki ƙotar. Ta shiga ɗaki, ya hango ta ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado ta ɗora a kai, ta fara ninke zannuwa.

Iliyasu ya mirgino turmi ya jingina da katanga ya hau. Rabon da ya ga cikin gidan nan tun ranar rabo. Tsakar gidan Maikano fes, ruwan da ya sauka a cikinta kaɗai ke bin gefe yana fita salin-alin. Shi kuma gogan yana zaune a ƙofar ɗaki ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗa. Jaki na rumfa.

Iliyasu ya yi gyaran murya. "Kai jaki! Ka gaya wa mai gidanka a buɗe rariya!"

Maikano ya jefa gyaɗa a baki. "Jummai, kin ji kamar kwaɗo ya hau katanga?"

"Kaza za ta mutu!"

"Jakin nan ba ya karɓar saƙon baƙi."

Ruwa na shiga wa Iliyasu ta wuyan riga yana fita ta ƙafar wando. Daga ƙasa yana jin kukan 'yan tsaki, daga ɗaki yana jin ƙarar murfin akwati.

"Yaya," ya ce.

Maikano ya kara tafin hannu a kunne. "Ruwan nan da ƙara yake."

"Yaya! Yaya Maikano! Don Allah ka fasa!"

Maikano ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. Ya miƙe, ya yi miƙa, ya nemi malafa, ya ce ba wannan ba a kawo ɗayar. Sannan ya ɗauko diga ya zo gindin katanga.

"Simintin nan da kuɗina na saya," ya ce, ba tare da ya dubi sama ba. "Tun da aka raba gidan nan yau ne kaɗai na ga damina irin ta mutane."

Ya kai sara. Ya ƙara. A na gaba bakin digar ya sami gindin tulun, sai ruwa ya yi tsartuwa ya fasa sauran da kansa. Jan ruwa ya kwararo da ramno da tsumma da takalmin Iliyasu ƙafa ɗaya, sai ga 'yan tsaki suna juyawa kamar ƙwallon goruba, sai ga uwar a baya, a jiƙe sharkaf, tana bala'i. Jummai ta bi 'ya'yan da ƙwarya tana tsincewa. Ta ɓangaren tudu kuwa akurkin ya yi irin ajiyar zuciyar da na farko ya yi, ya kwanta.

Maikano ya cafke kazar ta ƙafafu ya ɗaga ta sama, kanta a ƙasa.

"To," ya ce. "Ga ta a cikin gidana. Jummai, miƙo wuƙa."

"Kai ka fasa ta shigo!" Iliyasu ya yi ihu daga kan turmi.

"Kai ka roƙa. Ni dai na rantse, kuma a gaban shaida."

"Shaidar jaki?"

"Ya fi wasu riƙon amana. Bai taɓa toshe hanyar da Baba Haladu ya bari ba."

Sai ga Turai ta zago ta waje, ba mayafin kirki, ta durƙusa a bakin ƙofa cikin taɓo. "Yaya, ka dubi Allah. Ita kaɗai Inna ta bar mini."

Maikano ya dube ta, ya dubi kazar, ya dubi kan ƙanensa da ya leƙo ta saman katanga kamar kabewa. Ya daɗe yana kallon kan.

"Tashi, Turai, ba da ke nake ba. Amma rantsuwa ba riga ba ce da za a farke a sake ɗinkawa. In na fasa, kaffara ta hau kaina. Ko in ciyar da miskinai goma, ko in tufatar da su. Hatsina kuwa kazarku ta riga ta ci rabonsu." Ya gyara riƙon kazar. "Don haka tufatarwa na zaɓa. Ga shi kuma Allah ya hore mana tela a gida."

"Riga goma?" in ji Iliyasu. "Da yadin wa?"

"Jummai, ina wuƙar nan?"

"Na ji! Na ji!"

"Ka ji wa?"

"Na ji, Yaya."

"Har da wando. Ba na son a ce Maikano ya yi kaffarar rabin jiki. Kaza kuma tana nan ƙarƙashin kwando sai na ga ta goma."

Haka Iliyasu ya ture shaddar akawuna gefe, suna zuwa suna zaginsa suna komawa, ya zauna yana ɗinka wa matsiyatan Birnin Kudu riguna da yadin da ya ɗauko wa kansa. Akwatin Turai kuwa yana kan gado ba ta sauke ba, a gefensa yake raɓawa ya kwanta. In ya gama riga ya ɗora ta a kan katanga, hannu ya fito ta can ya ja. Ta bakwai ta dawo ta sama, ta faɗo a kan tulin lakar akurki.

"Jaki, ka ce wuyan ya karkace. Miskini ma mutum ne."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Iliyasu ya fito yana neman takalminsa sai ya tarar da taro a ƙofar masallaci. Maikano ne a tsaye da ƙunshi, yana miƙa wa makafi da guragu riga da wando ɗai-ɗai, suna ta shi masa albarka. Wani tsoho ya shafa ɗinkin ya ce, "Kai, Malam Maikano, Allah ya ƙara buɗi. Irin ku ne 'yan Aljanna." Maikano ya sunkuyar da kai ya ce ai ba komai, yi wa kai ne.

Da yamma Iliyasu na zaune a tsakar gida sai ya ga kan kaza ya ɓullo ta rariya, wadda yanzu faɗinta ya kai a tura ɗan akuya. Aka ingizo ta daga baya, 'ya'yanta suka biyo ta a guje. Turai ta durƙusa ta ɗauke ta, ta duba fukafukai, ta duba ƙafafu, ta sake ta. Sannan ta shiga ɗaki. Iliyasu ya kasa kunne har ya ji an ja akwati an tura ƙarƙashin gado.

Bai gama sauke numfashi ba murya ta ƙetaro.

"Jaki, rantsuwa dai ta faɗi. Amma bakina yana nan inda yake. Ta kuma shigowa in kuma rantsewa. Yau na ga waɗanda ba su samu ba, sun fi goma."

Iliyasu ya buɗe baki zai kira Turai da ƙarfi, sai ya ga kazar ta juya ta nufi rariya, a natse, kamar mai komawa ɗaukar abin da ta manta. Ya yi tsalle ya tare ta da ƙafa, ta sare shi a babban yatsa.

"Ɗaure ta a turmi," ya ce da Turai, murya ƙasa-ƙasa. "Ina bokitin nan?"

"A ina za ka yi shi wannan karon?"

Ya nuna can kusurwar zaure, wuri mafi nisa da katanga a duk gidan.

"In kawo tef ɗin awon?"

Ya ɗauki bokitin ya fita, yana ɗingishi.